Kekunan da Ke Kallon Bango

A shagon Mai Keke akwai kalma guda da ba a faɗa. Kana iya zagin zafin rana, kana iya zagin masu ɗauke wuta, kana iya zagin wanda ya ƙera sukurun da ya ƙi kwancewa har ka gangara kan kakansa, tsohon ba zai ɗago kai daga aikinsa ba. Amma ka kuskura ka nuna wani abu ka ce tarkace ne, sai ya ajiye sukundireba, ya zare tabarau, ya dube ka kamar ka taka masa ɗa.

Autarsa kuwa da kalmar take karya kumallo. Shekara uku ta yi a kwalejin fasaha tana karanta aikin injuna, ta dawo da takarda, ta dawo da baki. A wurinta motar haya tarkace ce, famfon unguwa tarkace ne, rediyon mai faci tarkace ne, har labaran da ke fitowa daga cikinsa. Ranar da ta fara sa rigar aiki ta tsaya kusa da uban, ya kira ta Injiniya don tsokana, sunan kuwa ya bi ta har layin ya manta wanda aka raɗa mata.

Shagon ɗan tsuke ne, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. In mutum biyu za su gitta juna a ciki sai ɗaya ya shanye tumbi. Gyaran keken ɗinki ake yi a wurin tun kafin a shimfiɗa kwalta a layin. Teburin aiki ya sha mai har ya yi baƙi yana ƙyalli, gwangwanayen madara cike da sukurori sun jeru a gefensa, Baba kuma ya san abin da ke cikin kowanne ba tare da ya leƙa ba. A jikin bango kanta uku ce. Ta ƙasa ta kekunan da za su koma gida a makon. Ta tsakiya ta masu jiran wani ƙarfe daga kasuwa. Ta sama kuwa, can kusa da rufi, kawunan keke goma sha ɗaya ne a jere, an juya fuskar kowanne bango, kamar ɗaliban da suka yi laifi a aji.

Kowace Asabar da safe Baba yakan taka kujera, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga musu mai, ya juya ƙafar kowanne sau biyu, ya goge shi da tsumma, ya sauko yana nishi.

Wata biyu Injiniya ta yi tana kallon wannan hidima kafin ta samu ranar da Baba ya tafi sayo bel. Ta hau kujera ta sauko da su, ta buɗe cikin kowanne. Wani sandarsa ta tanƙware. Wani gobara ta lashe shi har ƙarfen ya saki. Wani kayan cikinsa sun cinye, irinsu kuma an daina ƙerawa tun ba a haife ta ba. Babu ko ɗaya da zai sake ɗinka ko bakin hankici. Amma kowanne da mai shi, kowane mai shi kuma yana zuwa, a ba shi wuri a benci, a tambaye shi iyali, a ce masa, "Ana kai. Ba ni mako guda." Shi ma ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya kama hanya. Irin haƙurin nan ne da yake cin mutum a tsaye yana godiya.

"Baba," in ji ta da ya dawo, "na saman nan me suke yi?"

"Hutawa suke."

"Hutun shekara biyu? Baba, waɗannan ai tar..."

"Kul!"

"To me zan kira su?"

"Kira su kayan mutane."

Kawu Tela yana kan benci lokacin. Abokin Baba ne tun suna samari, tsohon tela ne da ido ya yi wa gardama, kuma na uku daga hagu a kantar sama kekensa ne. Kullum da hantsi zai iso yana dogara sanda, ya zauna, ya ce, "Yaya majinyacina?" Baba ya ce, "Da sauƙi, ya kwana lafiya." Daga nan sai hira har rana ta take.

"Ke 'yar nan," in ji Kawu, "kin yi ta faɗin kalma ba ki san ma'anarta ba. Tarkace kayan wani ne. Naka sunansa ajiya. Matata, gwaggonki, tana ce wa akwatina tarkace, ni ina ce wa kwanukanta tarkace, shekara arba'in ke nan ba wanda ya zubar da ko cokali."

"Kawu, ba haka ba ne. A makaranta an fayyace mana. Duk abin da ba zai sake yin aikin da aka yi shi dominsa ba, ya zama tarkace, a cire shi a ba wani wuri."

"Iye?" Kawu ya shafa idonsa da bayan hannu. "To ashe ni ma na shiga ciki. Mai Keke, in mai sayen ƙarafa ya zo ka ɓoye ni."

Suka yi ta dariya su biyu. Ita kuwa kunya ta kama ta, ta duƙa tana neman sukurun da bai faɗi ba.

Sai da Kawu ya tafi Baba ya gaya mata dalili, yana magana yana wanke haƙorin wani keke a cikin kananzir. Shekarar da ya buɗe shago, yana saurayi, kansa na hayaƙi kamar nata, wani tela ya kawo masa keke. Ya duba, ya ce masa, "Malam, wannan tarkace ne, kai wa masu awon ƙarfe." Mutumin ya miƙe. Ya rungumi kan keken ya fita, ya zauna a bakin kwata can tsallaken titi, ya ɗora shi a cinya. Tun hantsi har la'asar yana nan zaune.

"Daga baya na gan shi yana dako a tasha," in ji Baba. "Ya gan ni ya kau da kai. Tun ranar na ce bakina ba zai sake kashe wa mutum sana'a ba."

"Baba, ba bakinka ya kashe ta ba. Keken ne ya mutu."

"Ke dai ba ki ga zamansa ba."

Ta koma kan aikinta, ba don ta yarda ba.

Ran Litinin sai ga Maman 'Yan Biyu. Nata keken shi ne na ƙarshe a jerin sama. Wata huɗu da suka wuce suna ƙaura gida ya suɓuto daga kan kura ya daki kwalta, gangar jikinsa ta tsage a daidai inda sandar ƙoshiya take bi. Ƙarfen zubi ne, in ya tsage a nan allura da ƙoshiya ba sa sake haɗuwa daidai, sai dai ya yi ta tsallake ɗinki yana karya allura. A ɗaki take ɗinki, da shi take riƙe da kanta da tagwayenta. Tun da ya faɗi take raɓe a gidan maƙwabciya, a ba ta aron keke na sa'a guda ta yi faci.

Yau kuwa fuskarta kamar an wanke ta.

"Baba, ka taya ni murna! Makarantar ƙarshen layinmu ta ba ni ɗinkin kayan yara. Saiti sittin! Nan da mako uku za a koma. Na karɓo yadi, har na yanka ashirin. Na ce musu kekena yana hanya, Baba ya ce mako guda."

Baba ya dubi rufi, ya dubi gwangwanayen madara, ya dubi farcensa.

"Madalla," in ji shi. "In Allah ya yarda."

"Jibi in leƙo?"

"Leƙo."

Tana fita Injiniya ta wurga tsumma a tebur.

"Baba, ta yanka yadin mutane! Ka ji kuwa? Ta yanka!"

"Zan gwada walda."

"Ka gwada sau biyu, na ga tabon. Wannan ba tausayi ba ne. In ta sani yau, tana da mako uku ta nemi mafita. In ta sani ran da za a koma makaranta, sunanta ya ɓaci a unguwa, ba mai sake ba ta ko ɗinkin maɓalli. Kai za ka kwana da zuciya fara don ba ka ɓata wa kowa rai ba, ita ta kwana da yadi sittin a kan gado!"

Mai fenti ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Baba ya ɗaga masa hannu, ya koma.

"In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Baki naki ne," in ji Baba a hankali. "Faɗa."

Ran Laraba, da ya hango Maman 'Yan Biyu ta shawo kwana, sai ya tuna yana da saƙo wurin mai walda, ya zame ta gefen benci. Injiniya ta gyara tsayuwa. Kwana biyu tana bitar maganar, ta jera ta tsaf: gaisuwa, bayani, hujja, sannan kalmar.

Matar ta shigo da ƙunshi a hannu. Ta kwance shi a kan tebur. Rigar keke ce, irin wadda ake lulluɓe shi da ita don ƙura, ta harhaɗa ta da ragowar yadin da ta yanka, da hannu ta ɗinka ta, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran tururuwa.

"Na ce kada ya dawo gida tsirara," in ji ta tana dariya. "Yaran ma kullum sai sun tambaya. Ƙanwata, ina aka kwana?"

Injiniya ta buɗe baki. Ta dubi rigar. Ta dubi yatsan matar, wanda allura ta sossoke. Gaisuwa ta fito, bayani ya ƙi fitowa, hujja ta bi ta taga. Sai ta ji wata murya, mai kama da tata, tana cewa:

"Yaya, ki ba mu kwana uku."

"To, Allah ya kai mu. Ki gaida Baba."

Matar ba ta kai kwana ba Kawu Tela ya fara girgiza a kan benci, dariya ta shaƙe shi har sandarsa ta faɗi.

"Uba mako guda, 'ya kwana uku! An samu ci gaba. Wallahi karatu ya yi rana!"

"Kawu, don Allah."

"Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Haba Injiniya! Ina kalmar? Ko ta faɗa cikin kananzir ne?"

Kunnuwanta sun yi zafi. Yanzu ta san abin da uban ya gani a tsallaken titi, ta kuma san sanin bai canja komai ba: yadi ashirin yana nan a yanke, kwana biyu kuma sun riga sun tafi. Ta ja kujera ta hau, ta sauko da kan keken, ta naɗe shi a buhu. Baba yana shigowa ta tare shi a ƙofa.

"Juya, Baba. Gidanta za mu."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ni kaɗai na kasa, kai kaɗai ka kasa. Mu gwada mu biyu."

Ya dube ta, ya dubi buhun. Ya karɓa ya saɓa a kafaɗa, ya ƙi ba ta ko da ta ce ya kawo.

Ɗakin Maman 'Yan Biyu ɗaya ne da labule a tsakiya. Yankakken yadi ruwan toka an jera shi a kan gado, hannuwa daban, gaba daban, baya daban, kowane tari an danne shi da littafi. A gefen taga teburin keke ne, fedarsa a goge, ramin da kai yake zama an rufe shi da faranti. Tagwayen suna ƙarƙashinsa suna wasan mota da bel. Da suka ga buhu suka yi tsalle, "Ya dawo! Ya dawo!"

Uwar ba ta yi tsalle ba. Ta ga fuskokin baƙin nata. Ta kora yaran waje.

Baba ya zauna a bakin kujera ya fara, "Kin san, 'yata, komai na duniya da lokacinsa. Shi ƙarfe ma kamar ɗan Adam ne, wata rana..."

Injiniya ta kwance buhu, ta kifa keken a cinyarta, ta zaro alli daga aljihu ta goga a ƙarƙashinsa. Tsagar ta fito fara sol, siririya kamar gashi, ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Ta ƙura wa tsagar ido, don in ta dubi matar ta san abin da zai faru.

"Yaya, ba zai gyaru ba. Ƙarya na yi miki ɗazu. Ba kwana uku ba, ko shekara uku. Tun ranar da kika kawo shi haka yake."

Ana jin yaran a waje suna gardamar wanda zai zama direba.

"Tun ranar," in ji matar.

"Tun ranar."

Ta miƙa yatsa ta bi farin layin har ƙarshensa.

"Wato tarkace ne."

Baba ya runtse ido kamar an watsa masa ruwa.

"To ku ce tarkace ne mana!" Muryarta ta tashi. "Baba, wata huɗu! Ƙanwar mijina da za su tashi ta ce in karɓi nata, na ce a'a, nawa yana zuwa, ta ba wata. Wata huɗu ina zaman jiran maƙwabciya ta gama in taɓa kekenta kamar mai roƙon wuta. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ji tsoron ɓacin ranki."

"Raina ya ɓaci kwana ɗaya, in yi kukana, in tashi in san inda dare ya yi mini. Ni ba ƙarfe na aura ba, Baba. Ɗinki nake ci da shi."

Ta juya ta dubi gadon. Ba ta yi kuka ba, lissafin kwanaki take yi da yatsu, leɓenta na motsi.

Baba ya sunkuyar da kai. Hannunsa, da ba ya iya zama haka kawai, ya kai kan keken, ya juya ƙafarsa, ya kasa kunne. Ya sake juyawa.

"Laifina ne," in ji shi. "Ba ni da ta cewa. Amma cikin nan lafiyarsa lau. Sanda, ƙoshiya, haƙori, duk garau. Gangar jikin ce kawai ta tafi."

Injiniya ta ɗago. Ta taɓa buɗe cikin goma sha ɗayan nan na kantar sama da hannunta, ta san su kamar ƙannenta. Akwai guda, ƙirarsu ɗaya da wannan, gangar jikinsa ko ƙwarzane babu, cikin ne ya cinye ƙurmus.

"Na uku daga hagu," in ji ta.

Suka dubi juna.

"Na Tela," in ji Baba. "To, tunda bakinki ya buɗe, sai ki..."

"A'a. Na faɗi ɗaya. Wannan abokinka ne."

Ta juya wajen matar. "Yaya, ba zan ce miki kwana kaza ba, kin gaji da jin wannan daga gidanmu. Akwai abin da za mu gwada, zai iya yiwuwa, zai iya ƙi. Kada ki jira mu. Ki je makarantar yau ki gaya musu halin da ake ciki."

"Da ma can zan nufa," in ji Maman 'Yan Biyu, tana neman mayafinta. Ba ta raka su ƙofa ba.

Washegari da hantsi Kawu Tela ya iso, ya jingine sanda, ya zauna.

"Yaya majinyacina?"

Baba ya goge hannu. Ya sake gogewa. Ya fito ya zauna kusa da shi a benci, abin da ba ya yi sai an tashi aiki. Injiniya tana ciki tana riƙe da gwangwani, ta kasa ajiyewa.

"Tela, majinyacinka ba zai tashi ba."

Kawu ya juyo da fuskarsa wajen muryar.

"Yau ka sani?"

"Na daɗe da sani."

"To ni na riga ka. Ni da na cinye cikinsa da ƙafata shekara arba'in? Kuma ko ka tashe shi, da wane idon zan zura zare? Jiya na gaida tulun ruwa na ɗauka surukata ce."

"To me ya sa kullum kake tambaya?"

Kawu ya sunkuya. Ya lalubo sandarsa ya ɗora a cinya.

"In ban tambaya ba, me zan ce a gida na fito yi? Yanzu in na sa hula, gwaggonta ta ce ina zuwa, in ce wurin mai gyara, kekena yana can. Magana ce ta mai sana'a. In babu keken, sai a ce tsoho ya tafi zaman benci."

Injiniya ta ajiye gwangwanin ta fito. Ta tsuguna a gabansa ta gaya masa komai: tsagar, yadi sittin, kwanakin da suka rage, da gangar jikin da suke buƙata.

"Wato za ku fafe nawa ku zuba nata a ciki."

"In ka yarda, Kawu. Bencin kuma naka ne, da keke ko babu."

"Sadakar benci za ki ba ni? Riƙe abinki." Ya buga sanda a ƙasa. "Ku ɗauka. Amma da sharaɗi. Shekara biyu ina zaune a nan ina jin kekunan da ubanki yake sallama, rabinsu da tari suke fita, ina yin shiru don kunya."

"Kai Tela, ji tsoron Allah!"

"Da tari suke fita! Daga yau ba keken da zai bar shagon nan sai na ji muryarsa, na shafa ɗinkinsa. Ido ne ya tafi, kunne da yatsa suna nan. In gwaggonta ta tambaya, aiki na tafi."

"An ɗauke ka," in ji Injiniya. "Amma ba ma son makara."

"Ji 'yar nema! Ni na ɗinka miki rigar fara makaranta."

Yini biyu suka yi a kan teburin. Baba yana kwancewa, ita tana wankewa tana jerawa a kan farin ƙyalle yadda suka fito, don kada ƙaramin sukuru ya ɓace a shiga uku. Suka yi faɗa sau uku a kan saitin allura: ita da ma'auninta na makaranta, shi da farcen babban yatsa. Sau biyu ita ce da gaskiya. Na ukun ba ta so a tuna. Da suka ɗaura bel ta taka feda, Kawu ya karkata kai.

"Yana tari. Sassauta zaren ƙasa."

Ta sassauta.

"Ƙara kaɗan. Tsaya! To, taka."

Keken ya ɗauka, sumul, kamar ruwan sama a kan kwano. Ta zaro ƙyallen ta miƙa masa. Ya bi ɗinkin da yatsa, gaba da baya, ya daɗe yana bi.

"Muryar tata ce," in ji shi, "amma zaman nawa ne. Ku kai mata."

Ran Asabar da safe suka ɗora shi a ramin teburin Maman 'Yan Biyu. Ta riga ta je makarantar, an karɓi saiti ashirin an ba wani tela, an bar mata arba'in. Ashirin ɗin nan sun tafi ke nan, ba kuma wanda ya yi kamar bai san dalili ba. Ta zauna, ta zura zare, ta ɗauki hannun riga daga kan tari ta haɗa da kafaɗa, ta taka. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe ta ciji zaren.

"Ya yi," in ji ta. Ta dubi Baba, fuskarta ba yabo ba fallasa. "Na gode. Amma in ya sake lalacewa, ƙanwata zan tambaya."

"Kin yi daidai," in ji Baba.

Injiniya ta ajiye mata rigar keken a gefen taga. Kafin su kai ƙofa ƙarar feda ta cika ɗakin.

Da suka koma shago mai sayen ƙarafa yana tsaye da kurarsa a bakin layi, yana buga ƙarfe yana kira. Shekara da shekaru yana wucewa ta nan, bai taɓa samun ko ƙusa daga wurin Mai Keke ba, har ya daina tsayawa. Injiniya ta yafuto shi. Ta fito da tsagaggiyar gangar jikin, da kwanon cinyayyun kayan cikin keken Kawu, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ja baya.

Mutumin ya dubi kayan, ya dubi tsohon, bai yarda ba.

"Baba, wannan fa? Na ɗauka ne ko ajiya ce?"

Baba ya tsuguna. Ya juya gangar jikin, ya leƙa cikinta, ya zura yatsa a kowane rami. Ya tona kwanon, ya ɗaga wani ƙarfe ya duba a rana, ya mayar. Ya samu sukuru guda mai sauran haƙori, ya jefa a aljihu. Ya sake dubawa, babu sauran abin ɗauka.

"Ɗauka," in ji shi. Ya yi gyaran murya. "Tarkace ne."

"A rubuta ranar!" in ji Kawu daga benci. "Mai fenti, fito ka yi shaida!"

Baba bai kula shi ba. Ya tsaya har kurar ta sha kwana, sannan ya shiga ciki ya ja kujera, don Asabar ce. Injiniya ta miƙa masa gorar mai. Bai karɓa ba. Ya taka kujerar, ya dubi taran da suka rage, ya sa hannu biyu ya kama na farko, wanda gobara ta lasa, ya juyo da fuskarsa cikin ɗaki.

"Na matar mai aski ne," in ji shi. "Je ki kira ta."

"Wa zai faɗa?"

"Kira ta dai tukuna. In na fara maganar ɗan Adam da ƙarfe, ki taka mini ƙafa."